ArchiMate, UML ko C4: da wanne za ku zana tsarin manhajojinku?

Tambayar takan taso ne a ɗayan lokuta biyu. Ko dai an ɗauki sabon injiniya, ya yi mako uku yana bin mutane da tambaya bai gane wace manhaja ke magana da wace ba, ko kuma shugabanni sun ce a kashe wata tsohuwar manhaja, aka rasa mai iya faɗin abin da zai tsaya idan an kashe ta. Sai a kira taro. Wani ya ce a tura mutane kwas ɗin TOGAF, wani ya ce ai UML ya ishe mu, wani matashi daga can baya ya ce duk wannan ya tsufa, C4 ake yayi yanzu. A tashi ba a tsai da komai ba.

Abin da ke hana a tsai da magana shi ne an zuba abubuwan da ba jinsinsu ɗaya ba a ma'auni guda. TOGAF hanyar gudanar da aiki ce, tana faɗa maka abin da za ka fara da shi da wanda zai biyo baya, ba ruwanta da siffar akwatin da za ka zana. ArchiMate da UML harsunan zane ne, kowace alama da ma'anarta. C4 matakan hange ne guda huɗu, daga nesa zuwa kusa. Jadawalin Zachman kuwa kanta ce ta jera takardu. Saboda haka zaɓin da ke gabanku biyu ne a zahiri: yadda za ku riƙa yanke shawara kuna ajiye ta, da kuma harshen da za ku yi zane da shi. Ni ma'aunina ɗaya ne a kan dukkansu: ranar da aka sauya kod, wa zai gyara zanen, kuma wahalar gyaran ta kai yaya?

Bari in sallami Zachman da wuri. John Zachman ma'aikacin IBM ne, ya fitar da tsarinsa a mujallar kamfanin a 1987, kuma siffar da aka san shi da ita yau jadawali ne mai layi shida a tsaye, shida a kwance, gurabe 36 ke nan. A gefe ɗaya tambayoyi ne: me, yaya, ina, wa, yaushe, don me. A ɗaya gefen masu kallo ne, daga shugaban da ke hango kamfanin gaba ɗayansa har zuwa mai ɗaura kayan aiki. Amfaninsa shi ne ya nuna maka gurbin da kuka bari fayau, misali kun rubuta komai game da bayanai amma ba wanda ya rubuta wa ke da alhakinsu. Bai ce a fara daga ina ba. Wanda ya ɗaura niyyar cike gurabe 36 ɗin kafin a rubuta kod, manhajarsa ba za ta fito ba.

Hanyar yanke shawara: TOGAF ko takardar shafi ɗaya

Ƙungiyar The Open Group ce ta fitar da TOGAF a 1995, ta ɗora shi a kan wani tsari na ma'aikatar tsaron Amurka mai suna TAFIM. Asalin nan yana da muhimmanci. An haife shi ne a gidan da ke da manhajoji birjik, 'yan kwangila barkatai, da kasafin da ake tsarawa na shekaru. Shekara guda bayan haka, a 1996, dokar Clinger-Cohen ta ɗora wa hukumomin tarayyar Amurka nauyin tsara fasalin fasahar bayanansu, kuma hakan ya ƙara buɗe wa wannan sana'a kasuwa.

Zuciyar TOGAF wani zagaye ne da ake kira ADM. Bayan matakin share fage, akwai matakai takwas daga A zuwa H. A na hangen inda aka dosa, B na fasalin harkar kamfanin, C na bayanai da manhajoji, D na na'urori da hanyoyin sadarwa, E da F na zaɓen ayyuka da tsara ƙaura, G na sa ido yayin aiwatarwa, H na kula da sauye-sauye, sannan buƙatu suna tsakiya kowane mataki yana komawa gare su. Abu mafi daraja a cikinsa tambayoyi uku ne da yake tilasta maka maimaitawa a B da C da D: ina muke yanzu, ina muke son zuwa, me ya rage a tsakani. Kamfanoni biyu da suka haɗe, kowanne da nasa tsarin biyan albashi da nasa rumbun bayanan abokan ciniki, ba su da makawa sai sun amsa waɗannan, har su tsara zangon da za a yada a hanya, domin ba a rana ɗaya ake ƙaura ba.

Inda yake cutarwa shi ne idan aka mai da shi al'adar ofis. A kafa kwamitin duba tsari da ke zama sau ɗaya a wata, a ce duk sauyi sai ya bi ta nan, alhali tawagar da ke rubuta manhajar tana sakin sabon gyara sau uku a mako. Abin da zai faru sananne ne: tawagar za ta ci gaba da aikinta, ta kuma rubuta wa kwamitin takardar da yake son gani. Daga ranar takarda da gaskiya sun raba hanya. A yi adalci dai, TOGAF da kansa ya ce a daidaita ADM da girman wurin, ba a bi shi tiryan-tiryan ba, kuma bugu na 10 da ya fito a 2022 ya raba shi gida biyu, ginshiƙi da kuma jagorori dabam-dabam da za ka ɗauki wanda ya shafe ka. Sai dai mutumin da ya dawo daga kwas da satifiket a hannu ba ya cika son ya ji cewa kashi ɗaya cikin biyar kawai ake buƙata.

Kishiyar wannan ita ce takardar shawara, wadda injiniyoyi ke kira ADR. Michael Nygard ne ya yaɗa ta a wani ɗan rubutu a Nuwamba 2011. Shafi ɗaya ce ko biyu, mai sassa biyar: take, halin da ake ciki, shawarar da aka yanke, matsayinta, da abin da zai biyo baya. Ana ajiye ta cikin ma'ajiyar kod ta Git, kusa da kod ɗin da take magana a kai, kowacce da lambarta. Ga yadda ɗaya za ta kasance a kamfanin da ke sayar da kaya ta intanet:

Lamba 14. Saƙon tabbatar da oda zai bi ta layin jira. Halin da ake ciki: idan kamfanin da ke aika mana saƙon tes ya yi jinkiri, shafin biya yana tsayawa, mai saye ya zaci kuɗinsa bai shiga ba ya sake dannawa. Shawara: shafin biya zai ajiye saƙon a RabbitMQ, manhajar da ke riƙe layin jiran, ya wuce, wata ƙaramar manhaja ta ɗauka ta aika. Matsayi: an amince. Abin da zai biyo baya: biya ba zai ƙara jiran saƙo ba, amma saƙo na iya makara, yana kuma iya zuwa sau biyu, don haka dole mai aikawa ya riƙa duba lambar oda kafin ya aika, kuma mun ƙara abin da za mu riƙa gadi da dare.

Shi ke nan. Idan bayan shekara biyu aka sauya ra'ayi, ba a goge lamba 14, sai a rubuta lamba 31 a ce ta maye gurbinta. Zane yana nuna abin da ke akwai, amma ba ya faɗin dalilin da ya sa aka yi shi haka, kuma dalilin nan shi ne ke fita daga kamfani ranar da mai shi ya ajiye aiki. Raunin ADR shi ne gajeren hange. Takardu arba'in a ma'ajiyoyi goma sha biyu ba za su faɗa wa shugaban kamfani cewa sassa uku suna biyan kuɗin manhajoji uku masu aiki iri ɗaya ba.

UML: babban akwatin kayan aiki da ake ɗaukar biyu a ciki

A farkon shekarun 1990 kowane malami da nasa salon zane. Uku daga cikin manyansu, Grady Booch da James Rumbaugh da Ivar Jacobson, suka haɗu a kamfanin Rational suka dunƙule nasu wuri guda, ƙungiyar OMG mai tsara ma'aunan fasahar manhaja ta karɓi UML a matsayin ma'auni a 1997. UML 2.0 ya zo a 2005, kuma a yau yana da nau'o'in zane 14, bakwai na fasali, bakwai na ɗabi'a. An so a kai ga inda za a zana komai dalla-dalla sannan na'ura ta fitar da kod daga zanen, OMG ta ma ba wannan buri suna MDA a 2001. A wasu fannoni masu tsauraran ƙa'idoji hakan ya yi aiki, amma a manhajojin kasuwanci na yau da kullum kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Zanen da ya kai cikar da na'ura za ta fahimta ya riga ya zama kod, kod ɗin da ya fi wahalar rubutawa da gwadawa.

Marian Petre ta Open University da ke Birtaniya ta yi hira da ƙwararrun injiniyoyin manhaja 50 a kamfanoni 50, ta gabatar da sakamakon a 2013. Talatin da biyar cikinsu ba sa amfani da UML sam, goma sha ɗaya kuma suna tsintar abin da ya yi musu ne kawai. Waɗannan sha ɗayan nake bi, kuma tsintuwata biyu ce.

Na farko zanen jerin saƙonni, wanda ke nuna wa ya kira wa, da wane tsari, wa ya jira amsa. Na biyu zanen sauyin matsayi, wanda a ganina ba shi da na biyu a duk harsunan nan. Ɗauki odar nan ta ɗazu. Zana da'irori: sabuwa, an biya, an tattara, an aika, an karɓa, an soke. Ja kibiyoyi tsakaninsu, ka rubuta a kan kowace kibiya abin da ke jawo ta. Minti goma ba za su cika ba sai wani ya ɗaga hannu: to idan mai saye ya soke oda, sannan tabbacin biya ya iso daga banki bayan daƙiƙa biyar fa? Babu kibiya daga "an soke" zuwa ko'ina. Ma'ana kuɗin mutum ya shiga, kaya ba za su tafi ba, kuma ba abin da zai tuna a mayar masa. Wannan kuskuren a allo aka kama shi, kafin a rubuta layi ɗaya. Zanen azuzuwan kod kuwa, wato na rukunonin da aka kasa kod a cikinsu, wanda shi aka fi koyarwa a jami'a, shi ne na fi guje wa ajiyewa: yana ruɓewa da sauyin farko, kuma kayan rubuta kod na iya fitar maka da shi duk lokacin da ka so.

Abin da UML bai iya ba shi ne magana da wanda ba injiniya ba. Ba shi da alamar da aka tanada don cewa wannan manhajar ita ke riƙe da wancan sashen na kasuwanci, sai dai ka ƙirƙiro taka, kuma kowa tasa zai ƙirƙira.

ArchiMate: idan tambayar ta wuce manhaja ɗaya

Wannan giɓin ArchiMate ya zo cikewa. An ƙirƙire shi a ƙasar Holan tsakanin 2002 da 2004 ƙarƙashin jagorancin cibiyar bincike ta Telematica Instituut, daga baya aka miƙa shi ga The Open Group, wadda ta fitar da bugu na 1.0 a 2009, na 3.0 a 2016, na 3.2 a 2022. Gida ɗaya suke da TOGAF kuma sun dace da juna, amma ba dole sai da ɗaya ake amfani da ɗayan ba, abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba.

Ginshiƙinsa hawa uku ne, kuma bisa sabo kowanne da launinsa: harkar kamfani rawaya, manhajoji shuɗi, na'urori kore. Daga baya an ƙara masa alamomin dalili da manufa, na dabaru, na ƙaura, har da na kayan zahiri kamar injuna da gine-gine. A bugu na 3.2 alamomin sun haura 50, nau'o'in alaƙa kuma 11 ne, kuma a alaƙar ƙarfinsa yake. Kibiyar "yana yi wa hidima" dabam take da ta "yana tabbatar da", dabam da ta "yana karanta bayanan", kuma harshen ya ƙayyade wace alama ce za ta iya haɗuwa da wace. Sai ka iya rubuta sarƙa kamar haka: aikin mayar wa mai saye kuɗinsa, a hawa rawaya, yana dogara ga hidimar duba biya, wadda manhajar lissafi ke samarwa a hawa shuɗi, ita kuma tana zaune a kan wata sabar, wato kwamfutar da ke gudanar da ita, a hawa kore. Idan an shigar da ɗaruruwan irin wannan sarƙa, za ka iya taɓa sabar ɗaya ka tambayi kayan aikin: waɗanne ayyukan kamfani ne suka rataya a nan?

A wani wuri da na taɓa aiki mun kashe wata tsohuwar sabar bayan mun kwashe duk abin da muka san yana kanta. Mako biyu lafiya lau. Ƙarshen wata sai ga kira daga sashen kuɗi, rahotonsu bai zo ba. Da muka tona, ashe akwai wani ɗan kod mai layi ashirin da wani ya rubuta shekarun baya, kullum ƙarfe biyun dare yana kwafe fayil ɗaya daga sabar ya ajiye inda manhajar sashen kuɗi ke ɗauka. Mai rubutun ya daɗe da barin aiki. Akwai katafaren zane mai launi manne a bangon ofis, an buga shi shekara biyu kafin lokacin, kuma wannan kibiyar ba ta ciki. Zanen tawagarmu ma ba zai kama ta ba, domin a wurinmu ba tamu ba ce, a wurin sashen kuɗi kuma ba su san tana nan ba. Irin wannan kibiya mai tsallaka iyakar sassa ita ce hujjar kafa kundi guda na tsakiya. Melvin Conway ya faɗa tun 1968 cewa tsarin da ƙungiya ta ƙera yakan kwaikwayi yadda mutanenta ke sadarwa da juna, kuma inda sassa biyu ba sa magana, nan kibiyoyi ke ɓata.

Amma labarin nan kaifi biyu ne da shi, domin zanen bangon ma irin na tsakiya ne, kuma ya mutu saboda ba aikin kowa ba ne ya raya shi. Tsadar ArchiMate ke nan. Kayan aikin ba su ne matsala ba, Archi kyauta ne kuma buɗaɗɗe, akwai na saye irin su Enterprise Architect na kamfanin Sparx Systems da ke Ostireliya, wanda ke ɗaukar UML da ArchiMate da wasu harsunan a wuri ɗaya. Tsadar ita ce mutum. Sai an samu wanda rabin aikinsa aƙalla shi ne zagaya sassa yana tambaya yana gyarawa. Kuma masu rubuta kod ba sa buɗe shi. Bambancin "hidimar manhaja" da "aikin manhaja" da "ƙofar manhaja" na iya cinye taro guda ana musu, injiniyan da ke da gyara a gabansa ba zai zauna ba. Waɗanda suka ci moriyarsa sukan zaɓi alamomi goma zuwa goma sha biyar da alaƙa huɗu ko biyar, su hana sauran.

C4: taswirar da ake matsowa

Simon Brown ya tsara C4 tsakanin 2006 da 2011, bayan ya ga yadda mutane suka watsar da UML suka koma zana akwatuna da kibiyoyin da ba mai gane su sai wanda ya zana. Sunan daga kalmomin Turanci huɗu ne masu farawa da harafin C. Dabarar irin ta taswirar waya ce: ka hango ƙasa, ka matso gari, ka matso unguwa, ka matso gida.

Mataki na ɗaya shi ne mahalli. Manhajarku akwati ɗaya ce a tsakiya, kewaye da ita masu amfani da ita da sauran manhajojin da take hulɗa da su. A misalinmu: mai saye, ma'aikacin sito, kamfanin karɓar biya, kamfanin aika saƙo. Shugaba na iya karanta shi cikin minti biyu. Mataki na biyu shi ne kwantena, kuma a nan sunan yana ruɗa mutane, ba kwantenar Docker da injiniyoyi ke naɗe manhaja a ciki ake nufi ba. Duk abin da ke gudana da kansa ko ke ajiye bayanai kwantena ce: manhajar waya, shafin intanet, sabar API da waɗannan biyun ke aika wa buƙatunsu, rumbun bayanan PostgreSQL, layin jiran RabbitMQ, da 'yar manhajar aika saƙo ta takarda lamba 14. Kowane akwati da sunansa, fasahar da aka gina shi da ita, da jimla ɗaya ta aikinsa. Kowace kibiya da kai ɗaya da rubutu a kanta, "yana ajiye saƙon tabbaci", ba layi tsirara ba. Mataki na uku sassan cikin kwantena ɗaya ne, na huɗu kod. Brown da kansa ya ce yawancin tawagogi biyun farko sun ishe su, na huɗu kuma bai cika cancantar wahala ba.

C4 bai ƙayyade launi ko siffa ba, abin da ya nema kawai shi ne kowane zane ya zo da take da bayanin alamominsa. Sauƙinsa ke nan, kuma iyakarsa ke nan. Ana koyon sa a zama ɗaya. Amma ba shi da wurin sa manufar kamfani, ko matakan aikin ofis, ko kwangilar da za ta ƙare baɗi. Yana da zanen da ke jera dukkan manhajojin kamfani a shafi ɗaya, wanda ke aiki da kyau idan ashirin ne, idan sun kai ɗari uku ya zama saƙar gizo.

Babbar nasararsa a ma'aunina ita ce ana iya rubuta shi kamar kod. Da Structurizr, kayan aikin da Brown ya gina, ko PlantUML, ko Mermaid, kana rubuta 'yan layuka a fayil, na'ura ta zana. Tun 2022 GitHub, dandalin ajiye kod a intanet, ke nuna zanen Mermaid kai tsaye a cikin takardun ma'ajiya. Saboda haka injiniyan da ya ƙara sabon layin jira zai gyara layi biyu a fayil ɗin zane cikin sauyi guda, mai duba masa kod ya ga duka biyun tare, idan ya manta a tuna masa. Gyaran ya shiga cikin aikin da dama ake yi, ba ya jiran wani ya ware masa rana.

A nan akwai bambancin da ya fi zaɓen harshe muhimmanci, wato na zane da kundi. A zane tsagwaronsa, irin wanda ake yi da Visio ko draw.io ko ma Mermaid, akwatin "manhajar lissafi" da ke shafi biyar akwatuna biyar ne da ba su san juna ba. Ka sauya mata suna, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma za ka manta na biyar. A kundi kuwa manhajar lissafi abu ɗaya ce da aka shigar sau ɗaya, zane-zanen duk tagogi ne da ke leƙa ta. Archi da Enterprise Architect da Structurizr kundi suke ajiyewa. Mutum na iya zana alamomin ArchiMate da launukansu tsaf a Visio, ya ɗauki duk wahalar harshen, ya rasa abin da ya sa ake koyon sa, wato iya yi wa kundin tambaya.

Akwai harsuna biyu da ba sa cikin wannan takara amma suna iya zama amsarku. Idan abin da kuke son fayyacewa matakan aiki ne, wa ya karɓi takarda, wa ya sa hannu, me ke faruwa idan kwana uku sun wuce ba amsa, BPMN ne nasa, kuma tun bugu na 2.0 a 2011 injuna irin su Camunda na iya gudanar da zanen kai tsaye. Idan kuwa manhajarku tana cikin mota ko jirgi ko na'urar asibiti, inda dole a bi kowace buƙata har zuwa gwajin da ya tabbatar da ita, SysML za ku duba, wanda OMG ta fitar a 2007.

To wanne ke nan?

Idan tawaga ɗaya ce zuwa biyar, kuna gina samfur ɗaya ko 'yan kaɗan, kuna sakin gyara kowane mako, ku ɗauki matakai biyu na farkon C4, ku rubuta su a fayil cikin ma'ajiyar kod, ku fara ADR daga shawarar da za ku yanke gobe ba tare da komawa tono na baya ba. Ku ƙara zanen sauyin matsayi ga duk abin da ya shafi kuɗi ko izini. TOGAF a wannan girman nauyi ne kawai.

Idan kamfanin ya kai inda manhajoji suka fi ƙarfin ƙwaƙwalwar mutum ɗaya, mafi yawansu saye aka yi ba ginawa ba, kuma tambayoyin da ke zuwa irin su "me za mu kashe", "ina bayanan abokan ciniki suke zaune", "me ya rataya a kan wannan ɗan kwangila" ne, to ArchiMate ya cancanci wahalarsa, da sharaɗi ɗaya da ba na sassautawa: a faɗi sunan wanda zai riƙe kundin da awannin da aka ware masa kafin a sayi ko a sauke komai. Idan ba a samu wannan mutumin ba, jadawalin Excel mai layi ɗaya ga kowace manhaja, da mai ita, da abin da take karɓa, da abin da take bayarwa, ya fi kundin da za a cika wata uku a watsar.

TOGAF kuma lokacinsa shi ne babbar ƙaura mai cin shekaru, haɗewar kamfanoni, ko wurin da hukumar sa ido ko mai ba da kwangila ya nemi a nuna masa hanyar da aka bi. Ko a nan ku ɗauki tambayoyinsa uku da tsarin zangonsa, ku bar kwamitin ya riƙa duba 'yan shawarwarin da ke da wuyar warwarewa kawai, irin su zaɓen rumbun bayanan tsakiya ko tsarin tantance masu shiga, sauran tawagogi su yanke su rubuta ADR.

Manyan wurare da yawa C4 da ArchiMate za su haɗa, kuma wurin ɗinkin yana da sauƙin ganewa. Akwatin tsakiya na mataki na ɗaya a C4 shi ne akwati shuɗi ɗaya a kundin ArchiMate. Kundin tsakiya ya tsaya a bakin wannan akwatin kada ya shiga ciki, tawaga ta riƙe abin da ke ciki, suna kuma ya zama ɗaya a wuraren biyu harafi da harafi. Kibiyoyin da ke fita daga akwatin zuwa manhajar wani sashe su ne kaɗai ake buƙatar ɓangarorin biyu su amince a kansu, kuma sau ɗaya a wata uku mai riƙe da kundin ya zauna da kowace tawaga rabin awa, zanen mahallinsu a gefe, nasa a gefe, su ƙirga kibiyoyin su ga ko adadin ya zo ɗaya.